Ƙwayar da Mma Ke Ƙullewa a Bakin Zane

Tun kafin in iya haɗa baƙi na san kamannin ciwon ɓarin kai, domin a fuskar mahaifiyata na fara ganinsa. Mma, kamar yadda muke kiranta a gidanmu na Nima, tana da teburin kayan yaji a gefen tsohuwar Kasuwar Makola: citta, kanumfari, masoro, kimba da busasshen barkono. Ranar da ciwon zai taso, tun asuba take sani. Sai ta dafe idon hagu da tafin hannu, ta ce a rage fitila, ƙanshin kokon da maƙwabciyarmu ke damawa ya riƙa tayar mata da zuciya. Ta ɗauko tsohon ɗankwali ta ɗaure kanta tamau, ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta ciro farar ƙwaya ta kora da ruwa. Kafin rana ta ɗaga tana bakin titi tana jiran tirotiro zuwa cikin Ankara. Mu 'yan zango haka muke kiran Akra, kada mai karatu a Kano ya ɗauka Turkiyya take zuwa cin kasuwa.

Ƙwayar ba ta da suna a gidanmu, "mai kwantarwa" kawai ake ce mata. Kawu, ƙanin Mma, shi ke kawo ta. Yana yaron shago ne a wani kemis a Okaishie, unguwar da ke manne da Makola, wadda har gobe ita ce cibiyar masu sarin magani a Akra. Daga cikin babban gwangwani yake ƙirgo su, ya naɗe a yankin takarda. Kullum da gargaɗinsa: "Yaya, guda ɗaya dai, in ya matsa biyu." Ita kuwa sai ta ce, "To Auta, ai kai ne likitan gidan." Shekaru da yawa bayan haka, da na tambaye shi abin da ke rubuce a jikin gwangwanin, ya ce sinadarai uku ne, biyu ya san su a matsayin maganin ciwo da na wartsakewa, na ukun kuma sunansa yana ƙarewa da "bital". Wannan 'yar wutsiyar suna na bi, ita ta kai ni ga abin da zan faɗa a nan.

Ciwon kan da ke damun mutane a kullum iri biyu ne manya. Akwai na gajiya da damuwa, wanda ke kama kai gaba ɗaya kamar an matse shi da rawani, ya sauko har ƙeya da wuya. Mutum na iya daurewa ya yi aikinsa. Akwai kuma na ɓari guda, mai sara kamar ana buga ƙusa, mai zuwa da tashin zuciya da ƙin haske da ƙin ƙara, wanda kan ɗauki daga awa 4 har kwana 3, kuma ya fi kama mata ninki uku a kan maza. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne al'ummu uku da ba su zauna sun yi shawara ba duk suna ɗaya suka raɗa masa. Galen, likitan Girkawa, ya kira shi da kalmar da ke nufin rabin ƙoƙon kai, wadda daga ita Turawa suka samo sunan da suke kiransa yau. Larabawa suka ce shaƙiƙa, daga tsagawa biyu. Bahaushe ya ce ɓarin kai. Kakanninmu na zango suna da nasu dabarun: wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya, malam ya ba da rubutu, kuma ya zo a Bukhari cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a kai saboda shaƙiƙa yana cikin harami. Sannan ga goro, wanda saboda shi ne ma fatake suka riƙa ratso daji daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro yana taimaka wa ciwon kai, rashinsa kuma yana kawo shi, kamar yadda duk ma'abocin goro ya sani a ranar farko ta azumi. Ku riƙe wannan, domin kafeyin ɗin nan zai sake ɓullowa a cikin ƙwayar Mma.

Asalin "bital" kuwa a Jamus yake. A 1864 masanin haɗa sinadarai Adolf von Baeyer ya haɗa wani sinadari da daga baya ya zama uwar dangin magungunan da ake kira babituret. Shi kansa ba ya sa barci. Sai a 1903 Emil Fischer da Joseph von Mering suka fitar da wani ɗansa mai sa barci, aka kai shi kasuwa da sunan Veronal. A 1912 kamfanin Bayer ya fito da fenobabital da sunan Luminal, kuma a shekarar ce wani matashin likita, Alfred Hauptmann, ya ba masu farfaɗiya shi don su yi barci su bar shi ya huta, sai ya lura farfaɗiyar ma ta ragu. Daga nan ƙofa ta buɗe. Kamfanoni suka yi ta ƙirƙiro 'yan uwansa, wani mai saurin kamawa, wani mai daɗewa a jiki, har suka zama su ne maganin rashin barci da fargaba na rabin farko na ƙarni na 20.

Daga shekarun 1920 aka fara cuɗa su da maganin ciwo. Kamfanin Schering na Berlin ya yi Veramon, Ciba na birnin Basel a Suwizalan ya yi Cibalgin, Sandoz, shi ma na Basel, ya yi Optalidon, sannan ga Fiorinal da ya yi kasuwa a Amurka, wanda kowace ƙwaya tasa ke ɗauke da miligiram 50 na butalbital, 325 na asfirin da 40 na kafeyin. Hikimar a wancan lokaci tana da kyau a kunne. Likitoci sun ɗauka ciwon kai na yau da kullum daga damuwa da ɗaurewar jijiyoyin wuya yake tasowa. To, a ba mutum abin da zai kashe ciwon, a ƙara masa abin da zai kwantar masa da hankali, sannan a sa kafeyin don kada barci ya kwashe shi a bakin aiki. Wato ƙwaya guda tana danna ka ƙasa da hannu ɗaya, tana ɗaga ka da ɗayan. Ba wanda ya tsaya ya gwada sosai ko babituret ɗin na ƙara wani abu wajen kashe ciwon kansa. Masu sha sun ce suna jin daɗi, ciniki na tafiya, shi ke nan.

Ba ina cewa ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ne ke gwangwanin Kawu ba. Haɗin ya zama ruwan dare, kamfanoni barkatai a ƙasashe da dama suna buga irinsa, kuma abin da ke isowa hannun mai saye a zango ƙwaya ce tsirara, ba kwali ba takardar bayani.

Yanzu sai mu dawo gida, mu ga irin ƙasar da wannan iri ya faɗa. An buɗe Kasuwar Makola a 1924, shekara guda bayan Gwamna Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu. Nima kuma ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili a bayan gari daga hannun Gāwa masu ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta cika ta batse da tsofaffin sojoji da 'yan ci-rani daga Arewacin Gana, Nijar, Najeriya, Mali da ƙasar Mosi, Maamobi ta tsiro a gefenta, Hausa ta zama harshen da ke haɗa kowa. Yawancin waɗannan mutane da ƙarfinsu suke ci. Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya bi sawun Zabarmawa 'yan ci-rani a shekarun 1950 ya ɗauke su a fim, ya tarar da su suna dako a kasuwanni da bakin teku, ana ce musu kayakaya. Matan kuma suna zaune a rana daga safe har la'asar, ga hayaniya, ga bashin dillali, ga 'ya'ya a gida. Duk likitan da ka tambaya zai ce maka babban maganin ɓarin kai shi ne a kwanta a ɗaki mai duhu, shiru, har ya wuce. A gidan haya na Nima, inda iyali takwas ke raba tsakar gida guda, ina ɗakin, ina shirun? Kuma matar da ta kwanta yau, gobe ba kuɗin cefane, jibi wata ta gaje mata wuri. Abin da take nema shi ne wanda zai tsayar da ita a kan ƙafafunta, kuma "mai kwantarwa" ta iya wannan aiki.

Ba ita kaɗai ce a kasuwa ba. Wadda ta fi ta suna ita ce APC, haɗin asfirin da fenasitin da kafeyin, wadda tsofaffinmu suka ɗauka tana maganin komai daga zazzaɓi har ɓacin rai. Ita ma tana da nata tarihin, domin tun 1953 likitoci a Suwizalan suka fara danganta yawan shan irin wannan haɗi da lalacewar ƙoda, Amurka kuma ta cire fenasitin daga kasuwa a 1983. A takarda dai Gana na da doka. Dokar harhaɗa magunguna ta 1961 ta bambanta ƙwararren mai harhaɗa magani da mai kemis mai lasisi, wanda aka yarje wa sayar da ƙananan magunguna kaɗai. Amma ƙwararrun kaɗan ne kuma suna tsakiyar gari, layin asibiti kuwa yini guda ne. Mai kemis yana bakin lungu, yana jin Hausa, yana ba da bashi, yana sayar da ƙwaya biyu ga wanda ba shi da kuɗin goma. Ba na zarginsu da mugunta. Yawancinsu, har da Kawu, ba su san abin da ke hannunsu ba.

Abin da ba su sani ba shi ne jiki yana sabawa da babituret. Hanta na koyon narkar da shi da sauri, ƙwaƙwalwa na gyara zama don ta jure masa, sai ƙwaya ɗaya ta daina isa. Haɗarin kuma shi ne adadin da mutum ke buƙata yana hawa, amma adadin da zai iya tsayar masa da numfashi bai cika matsawa ba, tazarar da ke tsakaninsu na ta ƙanƙancewa. Sannan akwai tarko na biyu, wanda ya fi na farko ɓoyuwa. Duk mai yawan ciwon kai da ya mayar da maganin ciwo abin sha na kusan kullum, maganin da kansa yana iya zame masa sanadin sabon ciwon kai, wanda ke tashe shi da asuba ya lafa in ya sha, ya dawo in ƙarfin ƙwayar ya sauka. Tun 1951 likitoci biyu a Amurka, Peters da Horton, suka bayyana hakan game da wani maganin ɓarin kai mai suna agotamin. A yau ma'aunin da likitocin ciwon kai na duniya ke amfani da shi shi ne kwana 10 a wata ga magungunan haɗi, kwana 15 ga irin su farasitamol zalla. Wanda ya kai nan wata uku a jere ya shiga layin.

Mma ta wuce wannan ma'auni tun ina firamare. Ciwon da ke zuwa mata sau biyu a wata ya koma na kowane mako, daga baya ya zama ba ranar da take tashi garau. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Mu a gida mun ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa shi ya sa maganin ke ƙaruwa. Ba wanda ya taɓa juya lissafin. Waɗannan kuwa shekarun Janar Acheampong ne, lokacin da sukari da sabulu da madarar gwangwani suka ɓace daga kantuna, kalmar kalabule ta shiga bakin kowa, aka kuma ɗora laifin tsadar rayuwa kacokan a kan matan kasuwa.

Ranar 4 ga Yunin 1979 ƙananan hafsoshi suka karɓi mulki da Jerry Rawlings a gaba. Aka riƙa yi wa mata bulala a bainar jama'a bisa zargin ɓoye kaya. Ranar 18 ga Agusta sojoji suka rushe Makola ta ɗaya da nakiya, wurin da daga baya ya zama filin ajiye motoci da ake kira Rawlings Park. Masaniyar tarihi Claire Robertson ta rubuta maƙala a kan wannan rushewa a 1983, inda ta nuna yadda aka mayar da matan kasuwa abin huce haushi. Mma ba ta taɓa ɓoye ko gwangwanin madara ɗaya ba, kanumfari take sayarwa, amma nakiya ba ta tambayar haja. Ta dawo gida da faranti ɗaya da mudu. Ta koma kasa kaya a kasuwar Nima ranar Laraba, sauran ranaku tana talla a gefen titi tana gudun 'yan kwamiti. A shekarun nan ne ƙwayar ta kai takwas, wani lokaci goma a yini. Maganarta ta fara jan ƙafa, takan yi gyangyaɗi a kan sallaya, takan manta inda ta ajiye kuɗi. Muka ce baƙin cikin kasuwa ne.

Sai 1983 ta zo, shekarar da duk ɗan Gana mai shekaruna ba ya son tunawa: fari, gobarar daji, yunwa, ga kusan mutum miliyan ɗaya da Najeriya ta koro a farkon shekarar. Kantocin kemis suka zama fayau. Kawu ya zo wata ranar Asabar hannu rabbana, ya ce, "Yaya, wallahi ko ɗaya babu, har Okaishie ɗin kaf." Daren farko ba ta runtsa ba. Kashegari hannunta na rawa, gumi na karyo mata, tana cewa tana ganin abubuwa na tafiya a bango. Rana ta uku, tana tsaye a bakin murhu, ta yanke jiki ta faɗi tana shure-shure, kumfa na fita a bakinta. Matan gida suka ce iska ce. Aka kira malam, aka yi hayaƙi, aka tofa. Da ta sake faɗuwa da dare, Baba ya nemo tasi muka kai ta asibiti.

Ba zan manta likitan ba, wani dattijo siriri mai jin Hausa kaɗan-kaɗan. Bai tambayi ko akwai mai farfaɗiya a dangi ba sai da ya fara tambayar abin da take sha kullum wanda ta daina. Aka yi shiru, kowa na kallon Kawu. Da ya yi bayani, likitan ya kaɗa kai, ya ce ba iska ba ce, jiki ne ke neman abin da ya saba. Abin da ya ba ta ya ɗaure min kai shekaru da yawa: fenobabital, ɗan gidan su "mai kwantarwa" ɗin. Da yake shi yana daɗewa a jiki, sai a maye gurbin wancan da shi, a riƙa ragewa sannu-sannu har a yaye mutum. Makonnin farko kanta kamar zai tsage. Wajen wata biyu sai ga Mma ta tashi wata safiya tana dube-dube kamar mai neman abin da ya ɓata, ta ce, "Yau fa ba ya ciwo." Ɓarin kan nata na asali bai tafi ba, ya koma zuwansa na da, sau ɗaya ko biyu a wata, har ya rabu da ita bayan ta manyanta.

Abin da ke ci min rai shi ne duk wannan sananne ne a wasu wurare tun kafin a haife ni. A 1950 Harris Isbell ya yi gwaji a kan fursunoni a Lexington ta jihar Kentucky, gwajin da yau ba za a yarda a yi irinsa ba, ya nuna cewa yanke babituret farat ɗaya na kawo farfaɗiya da gushewar hankali. Mutuwar 'yar fim Marilyn Monroe a 1962 ta sa duniya ta san yadda suke kisa. Valium ya fito a 1963 ya ƙwace musu kasuwar barci. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a Biyana kan magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, aka sa manyan babituret a ƙarƙashin sa ido; butalbital bai shiga ba sai 1987. A 1988 aka ƙara tsaurara wa sekobabital, bayan an yi shekaru ana karkatar da shi da yawa zuwa Afirka ta Yamma. Gana ta yi tata sabuwar dokar miyagun ƙwayoyi a 1990, ta abinci da magunguna a 1992. Ƙasashen Turai da dama, har da Jamus inda labarin ya faro, sun raba babituret da maganin ciwon kai. A wasu ƙasashe Optalidon ya ci gaba da sunansa amma an cire masa butalbital. Amurka kuwa ta riƙe nata, har yau ana rubuta shi, ko da yake a 2013 ƙungiyar likitocin jijiya ta ƙasar ta shawarci 'ya'yanta kada su ba mai ɓarin kai shi sai in an rasa yadda za a yi.

Kada dai wani ya karanta wannan ya je ya zubar da fenobabital ɗin ɗan uwansa mai farfaɗiya. Wannan maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai araha ne, ya riƙe rayuka da yawa a yankinmu, kuma yanke shi farat ɗaya shi ne ainihin abin da ya kayar da Mma a bakin murhu.

Yau da wuya ka sami irin "mai kwantarwa" a kan kantar kemis a Nima ko Maamobi. An kuma sami ci gaba na gaske: sumatiriftan, wanda aka yi musamman don ɓarin kai, ya fito tun 1991, akwai kuma tsofaffin magunguna masu araha irin su furofanolol da likita kan ba mai yawan ciwon don rage zuwansa. Amma sai ka ga likita kafin ka san da su. Abin da ke bakin lungu shi ne haɗin farasitamol da asfirin da kafeyin, ana tallarsa a rediyo, ana shan sa da koko kamar ƙosai. Sannan ga taramol, wanda a 2017 da 2018 ya tayar da hankalin Gana, lokacin da aka riƙa kama ƙwayoyi masu miligiram 120 da 225 alhali 50 da 100 hukuma ta amince da su. Masu shan sa da yawa leburori ne da 'yan acaɓa da masu dako, kuma in ka tambaye su dalili, amsar da Mma za ta bayar ita suke bayarwa.

Dakon Makola yanzu ya koma kan 'yan mata. Tun bayan da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda a Nuwamban 1969, kayakaya 'yan Nijar da Mali suka ragu, a hankali 'yan matan Arewacin Gana suka cike gurbin. Kayayei ake ce musu, rabin sunan namu ne, wato kaya, rabin kuma na Gāwa, mai nufin mata. Bara da na je sayen kayan yajin bikin 'yata, wata yarinya da ba ta wuce shekara 16 ba ta ɗauki kayana a babban kwanonta. Kafin ta ɗora gammo sai na ga ta kwance bakin zanenta, ta ɓare ƙwaya biyu daga cikin leda, ta haɗiye ba ko ruwa. Na ce, "'Yata, kai ne ke ciwo?" Ta ce, "Eh Baba, da wuya." Na tambaye ta sau nawa take sha a rana. Ta ɗaga min yatsu uku, ta ɗan yi tunani, ta ƙara na huɗu. Sannan ta durƙusa, na kama mata gefen kwanon muka ɗora, ta shige gaba cikin cunkoso ina biye da ita har tashar mota.